Sharhi kan ɗan gajeren yawon buɗe ido a Hong Kong da Makao

Kamfanin shirya tafiye-tafiyen da na bi ya tallata shirinsa da cewa mutum zai ga birane biyu a tafiya ɗaya, kuma kuɗin da aka biya ya haɗa da masauki da karin kumallo da motar zagayawa da ɗan jagora, har da tsallakawa daga Hong Kong zuwa Makao. Bayan na gwada shi, ra'ayina shi ne shirin ya cancanci kuɗinsa ta fuskar takardu da masauki, amma jadawalin zagayawarsa ya ɓata lokaci mai yawa a wuraren da kamfanin ke da riba, ya kuma taƙaita shi a wuraren da suka sa mutum ya baro gida.

Batun takardu shi ne inda kamfanin ya fi yi mini amfani. Ko da yake biranen biyu suna ƙarƙashin ƙasar Sin, tun da Birtaniya ta miƙa Hong Kong a 1997, Fotugal kuma ta miƙa Makao a 1999, kowannensu yana da hukumar shige da fice da kuɗinsa na kansa, saboda haka bizar da ɗan kasuwa ke zuwa Guangzhou da ita ba ta shigar da shi ko ɗaya daga cikinsu. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar izinin shiga daban na kowane birni, kuma dole ya samo shi tun kafin ya tashi. Kamfanin ya bi wannan al'amari daki-daki ba tare da ya wahalar da ni ba.

An sauke mu a unguwar Tsim Sha Tsui da ke ɓangaren Kowloon na Hong Kong. Ɗakin yana da tsabta, amma ƙanƙantarsa ta kai yadda sai na ɗora akwati a kan gado kafin in sami wurin shimfiɗa sallaya, kuma wannan halin birnin ne mai tsadar fili, ba laifin kamfanin ba. Abin da ya rufe wannan naƙasu shi ne matsayin wurin, domin da ƙafa ake zuwa babban Masallacin Kowloon da ke kan titin Nathan, wanda aka kammala gininsa na yanzu a 1984, kuma yana ɗaukar masallata wajen 3,500. A kan wannan titin ne Chungking Mansions yake, ginin nan mai hawa 17 da 'yan kasuwar Afirka suka daɗe suna sauka a cikinsa, inda ake samun abincin halal na Indiyawa da 'yan Pakistan a farashi mai sauƙi. Wanda kuma yake son ɗanɗana abincin mutanen gari ba tare da shakku ba, sai ya nufi ɗakin cin abinci na Masallacin Ammar da ke Wan Chai, inda ake yin ƙananan cincin ɗin nan da ake turarawa, waɗanda suke kira dim sum. Duk wannan da bakina na tambayo shi a masallaci, domin ɗan jagoranmu bai san komai a kai ba.

Inda na fi jin takaici shi ne rabon lokaci. An kai mu Dutsen Victoria, mai tsayin mita 552, a jirgin da igiyar ƙarfe ke ja tun 1888, wanda yake hawa a karkace har mutum ya ga kamar dogayen benayen ne suka jingina. Daga sama ana hango tashar ruwa da Kowloon baki ɗaya, amma ba mu gama ɗaukar hoto ba aka ce mu koma mota, sannan aka ajiye mu a wani shagon gwal da agogo aka bar mu muna hamma kusan duk sauran safiyar. Da yamma ta yi na raba gari da tawagar, na sayi katin Octopus, wanda ake biyan kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas da tarago da shi, na shiga jirgin ruwan Star Ferry da ke tsallakawa tsakanin tsibirin Hong Kong da Kowloon. Kuɗinsa bai wuce 'yan dalolin Hong Kong ba, tsallakawar kuma ba ta fi minti goma ba, amma a duk abin da na gani a birnin babu wanda ya kai shi ƙayatarwa, musamman bayan magariba lokacin da fitilun benaye suka hasko ruwa. Wasan fitilun da aka yi da ƙarfe takwas na dare, wanda aka yi ta zuzuta mana, bai ƙara wani abu a kan haka ba.

Mun tafi Makao ta gadar da aka buɗe a 2018, mai tsawon kilomita 55, wadda wani sashenta ke nutsewa ya zama rami a ƙarƙashin teku domin manyan jiragen ruwa su sami hanyar wucewa. Tafiyar bas ɗin ba ta kai awa ɗaya ba, sai dai layin jami'an shige da fice a gefe biyu yana cin nasa lokacin.

Tsohon garin Makao, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, shi ne ya fi dacewa a ba shi yini cikakke. Turawan Fotugal sun zauna a nan tun 1557, kuma har yanzu sunayen tituna a rubuce suke da harshensu da na Sin a kan farar tangaran mai shuɗin rubutu. Daga dandalin Senado, wanda aka shimfiɗe da ƙananan duwatsu baƙaƙe da farare masu zanen igiyar ruwa, mutum yana bin lungu har ya iske kangon majami'ar Saint Paul, wadda gobara ta cinye a 1835 ta bar bangon gaba kaɗai a tsaye a saman matakala. A gefensa akwai ganuwar Monte da tsoffin igwoginta. A kan wannan hanya masu shaguna suna miƙa wa masu wucewa wani nama mai kama da kilishi kyauta domin su ɗanɗana, kuma yawancinsa na alade ne, don haka Musulmi ya kame hannunsa, ya kuma yi tambaya kafin ya sayi kayan fulawa, saboda wasu da kitsen alade ake haɗa su.

Mu kuwa a gurguje aka ratsa da mu ta wannan wuri, aka garzaya da mu yankin Cotai, inda manyan gidajen caca suke, aka bar mu a can har dare. Gine-ginen suna da ban mamaki, akwai ma wanda aka haƙa magudanar ruwa a cikinsa ana tuƙa kwale-kwale a ƙarƙashin rufin da aka yi wa fentin sararin samaniya, amma wanda ba ya caca zai gaji da su cikin awa guda. Masallacin Makao ƙarami ne, yana kusa da madatsar ruwan birnin, nesa da inda aka ajiye mu, kuma jadawalin bai ware lokacin salla ko wurin cin halal ba, alhali tun wajen biyan kuɗi na nemi a lura da hakan aka amsa mini da to.

Wanda zai shiga irin wannan shiri ya nemi a rubuta masa jadawalin awa-awa kafin ya biya, ya kuma tambayi ko ana iya sayen takardu da masauki kawai a bar masa zagayawa a hannunsa. Ya zaɓi tsakanin Oktoba da Disamba, lokacin da zafi da guguwar teku suka lafa. A Makao ana karɓar dalar Hong Kong kusan ko'ina, amma sau da yawa canjin da za a ba shi a pataka ne, kuɗin garin, wadda shagunan Hong Kong ba sa karɓa, saboda haka gara ya kashe ta kafin ya koma Hong Kong.