Kwaroron roba na SKYN ga matar da jikinta ba ya karɓar maniyyi

Matar da ke jin raɗaɗi, ƙaiƙayi da kumburi a gabanta minti 10 zuwa 30 bayan saduwa, sau da yawa maganin sanyi ake ta ɗura mata, ba sauƙi. Alhali wani lokacin bori ne jikinta ke yi wa furotin ɗin da ke cikin ruwan maniyyi, musamman wanda ake kira PSA, da ke fitowa daga furostet, wata ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ba ƙwayoyin haihuwar ne ke jawo shi ba. Gwajin farko mai sauƙi ne: a sadu da kwaroron roba, in alamun sun ɗauke, an kama bakin zaren.

A nan SKYN Original ya yi fice. Da polyisoprene aka yi shi, wato robar da ake haɗawa a masana'anta, ba da latex ba, robar da ake samu daga ƙaron bishiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ma latex yana tayar da irin wannan ƙaiƙayin a wasu mata, sai gwajin ya rikice, a kasa gane mai laifi. Yana da laushi, yana miƙewa sosai, ba ya warin roba kamar na latex. Faɗinsa milimita 53 ne. Wanda ya ji ya matse shi ya nemi babban, don matsewa na kawo fashewa.

Inda ake samun matsala shi ne wajen sawa. Dole a sa tun kafin a fara kusantar juna, saboda maziyyi ma na iya ɗauke da furotin ɗin. A matse kan don iska ta fita, a warware har gindi, a riƙe bakin lokacin janyewa, kuma namiji ya wanke hannu da gabansa kafin ya sake taɓa ta. Man shafawa, Vaseline ko man kwakwa suna cinye polyisoprene, sai dai a yi amfani da mai santsi na ruwa ko na silikon.

Kariya ce kawai, ba ya warkar da borin, kuma yana hana ɗaukar ciki. Masu neman haihuwa su ga likita: ana iya wanke maniyyin a saka a mahaifa, ko a riƙa sabar wa jiki da shi kaɗan-kaɗan a asibiti. Wadda kuwa ta taɓa samun kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, kada ta dogara da kwaroro kaɗai. Likita ya rubuta mata allurar adrenaline, wadda ake yi cikin gaggawa idan borin ya yi tsanani, ta ajiye kusa, domin kwaroro na iya fashewa.