Kwas ɗin Turanci kafin shiga jami'a a Birtaniya: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kusan duk takardar gurbin karatu da jami'ar Birtaniya ke aiko wa ɗalibin ƙasar waje tana ɗauke da sharaɗin Turanci, galibi maki 6.0 ko 6.5 a jarabawar IELTS, wadda ƙololuwar makinta 9 ne. Ɗan Najeriya da ya ci Turancin WAEC da C6 ko sama da haka, jami'o'i da dama kan ɗauke masa wannan sharaɗi. Amma ɗan Nijar da ya taso da Faransanci, ko wanda ya yi digirinsa da Larabci a Sudan ko Masar ko Madina, dole ya nemi mafita. A nan ne masu kwasa-kwasai ke yi masa caa, kowa na cewa nasa ya fi.

Darasin shirin IELTS shi ne mafi araha, kuma ana samunsa a gida. Aikinsa ɗaya ne: ya koya maka dabarun cin jarabawa. Idan rabin maki ya rage maka, ya wadatar, sai dai ka tuna sakamakon shekara 2 yake yi ya daina aiki. Shekarar shimfiɗa kafin digirin farko (foundation year) irin ta kamfanonin Kaplan da INTO da Study Group kuwa ta wanda ya gama sakandare ce, shekarar karatu guda take ci ga tsada. Mai neman digiri na biyu ba ruwansa da ita. Manhajojin waya da darussan YouTube na motsa baki ne kawai.

Ni dai wanda nake ba kowa shawara a kai shi ne kwas ɗin share fage da jami'ar da za ka shiga take gudanarwa da kanta, wanda suke kira pre-sessional. Yawanci lokacin bazararsu ake yi, kafin a buɗe zango a watan Satumba, kuma tsawonsa ya danganta da giɓin makinka: wani sati 6, wani sati 10 ko 12, mai rauni sosai ya fi haka. Idan ka ci, ka shiga karatunka kai tsaye, ba sai ka sake zama IELTS ba.

Abin da ya sa nake sonsa ya wuce batun maki. A IELTS, rubutu mafi tsawo da ake nema kalmomi 250 ne, daga kanka. A jami'a kuwa za a ba ka jerin littattafai da maƙalu, a ce ka kawo rubutu na dubban kalmomi, kowace magana ka nuna inda ka samo ta. Wannan kwas shi ke zaunar da kai ya koya maka haka. Malama za ta dawo maka da takardarka ta ja layi ƙarƙashin wani sakin layi ta rubuta a gefe: wannan maganar wa ce? Da yawanmu mun taso a tsarin da haddace maganar malami da mayar da ita daidai abin yabo ne. Can kuwa, in ka kwafi jimlar wani ba ka ambace shi ba, manhajar Turnitin za ta haska ta da launi, a kira ka gaban kwamiti da zargin satar rubutu. Gara ka koyi wannan a sati na biyu na share fage, inda gyara kawai za a yi maka. Ga kuma kunne ya saba da lacca, da saba yin magana a ƙaramin aji, da sanin ɗakin karatu tun kafin cunkoso.

Yana da tsada, ba na ɓoyewa: dubban fam, ban da haya da abinci. Ka duba ko BALEAP, ƙungiyar malaman Turancin karatun jami'a, ta tantance kwas ɗin, ka kuma tambaya ko takardar CAS ɗaya, wato shaidar gurbi da jami'a ke bayarwa don neman biza, za ta haɗa shi da digirin. Hakan na yiwuwa idan bai wuce wata 3 ba, sai ka huta da neman biza sau biyu. Galibi kuma kafin shiga kwas ɗin za su nemi nau'in IELTS na UKVI, wato wanda hukumar bizar Birtaniya ta amince da shi, ka tabbatar kafin ka biya kuɗin jarabawa.

Amma tambayar da na fi damuwa da ita ita ce: wa zai karɓi takardar da za a ba ka? Wani dillalin karatu ya taɓa sa ƙanena a wata makarantar koyon Turanci mai zaman kanta, da alkawarin tana da yarjejeniya da jami'a. Yaro ya gama, ya aika takardar, jami'a ta ce ba ta san da zamanta ba. Kuɗin da mahaifinmu ya tara ya tafi, gurbin ya wuce. Don haka duk wanda ya ce maka akwai yarjejeniya, ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kanka, ka jira amsa daga adireshin da ya ƙare da ac.uk. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta Birtaniya tana wallafa jerin makarantun da ke da lasisin ɗaukar ɗaliban waje, ka nemi sunan a ciki. Kuɗin makaranta kuma asusun jami'a ake tura wa, ba na wani mutum ba, ko da ɗan unguwarku ne.

Su kuwa masu tallar takardar IELTS ba tare da zama jarabawa ba a Facebook da WhatsApp, ɓarayi ne kawai. Jami'o'i na da shafin da suke shigar da lambar takardar su ga hotonka da ainihin makinka. A 2014, bayan shirin Panorama na BBC ya bankaɗo maguɗi a wasu cibiyoyin jarabawar Turanci ta TOEIC a Landan, an soke bizar dubban ɗalibai, har da waɗanda suka yi shekaru suna rantsuwar ba su da laifi. Wanda aka kama da takardar bogi a neman biza kuwa, ana iya hana shi shiga Birtaniya har shekara 10.