Gidajen tarihin bakin tafki a Jamus, da namu na Jos

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali da ɗalibanka. A gaishe mini da Inna da kyau, a ce mata aikin jinya yana tafiya lafiya, sai godiyar Allah.

Ka tambaye ni abin da na gani a ƙasar nan wanda zai amfani malamin tarihi irinka. Amsar tana bakin wani tafki da Jamusawa ke kira Bodensee, a can ƙarshen kudancin ƙasar, inda nake zuwa idan na samu hutun aiki. Ƙasashe uku ne suka yi tarayya a gaɓarsa, Jamus da Ostiriya da Suwizalan, faɗinsa kuma murabba'in kilomita 536 ne. Kogin Rhine yana shiga ta gefe guda ya fita ta ɗaya gefen. Ƙananan garuruwa ne jere a bakinsa, kuma da wuya ka sauka a ɗaya daga cikinsu ba ka tarar da gidan tarihi ba. Wani ɗaki biyu ne kawai a tsohon gini, ba abin da ke ciki sai ragar masunta da kwale-kwale da hotunan kakannin mutanen garin. Amma a share yake, ƙofa a buɗe a lokacin da aka rubuta za a buɗe, kuma akwai wanda zai amsa maka tambaya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai yana wani ƙauye mai suna Unteruhldingen. Gidaje ne sama da 20 na katako da yaɓen laka da jinka, an ɗora su a kan dirkoki a cikin ruwa, an haɗa su da gadojin katako. Kwaikwayo ne na yadda mutanen wurin suka zauna a zamanin da ake sassaƙa gatari da dutse, har zuwa zamanin tagulla. Asalin labarin shi ne a hunturun 1853 zuwa 1854 ruwan tafkin Zurich ya ja baya ƙwarai, sai kawunan tsofaffin dirkoki suka bayyana a cikin taɓo, tare da tukwane da kayan aiki. Daga nan aka shiga nema a sauran tafkunan yankin, aka yi ta samu. Da yake iska ba ta shiga cikin taɓon ƙarƙashin ruwa, katako da igiya da ƙyalle da ƙwayoyin hatsi ba su ruɓe ba. Har shekarar da aka sare itacen gini suna iya faɗa maka, ta hanyar karanta layukan da ke cikin gungumen. A 2011 UNESCO ta sa irin waɗannan wurare guda 111, a ƙasashe shida, cikin kayan tarihin duniya.

Ka lura da wannan, Yaya, domin shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ainihin kufan yana ƙarƙashin ruwa, baƙo ba ya ganinsa. Abin da mutane ke biyan kuɗi su gani gini ne na zamaninmu, ba su kuma ɓoye maka haka. Ƙungiyar mutanen yankin ce ta fara shi a 1922 da gidaje biyu, kuma har yau ƙungiya ce ke riƙe da shi. Abin da suke sayarwa shi ne bayani. Ɗan jagora zai miƙa maka gatarin dutse ka ɗaga ka ji nauyinsa, ya nuna yadda ake ƙyasta wuta da duwatsu, ya sa yara su durƙusa su gwada dutsen niƙa. Na tsaya ina kallon 'yan firamare suna layi don su niƙa hatsi, abin da Inna ta yi shekara da shekaru a tsakar gidanmu ba wanda ya ɗauke shi ilimi. Kowane yaro da takardar tambayoyi a hannu, malamarsu ta riga ta tsara ziyarar da gidan tun kafin su zo, za su koma aji su ci gaba da darasin.

Sauran wuraren zan bi su da sauri. A Meersburg akwai tsohuwar fada a kan tudu, wadda suke cewa ita ce mafi daɗewa a Jamus cikin waɗanda har yanzu ake zaune a ciki. Masu ita suna kwana a wani sashe, baƙi suna zaga madafa da rijiya da ɗakin makamai. A Friedrichshafen sun mai da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta bakin ruwa gidan tarihin Zeppelin, wato jirgin sama mai tashi da iskar gas, wanda ya fara tashi a kan tafkin nan a 1900. Sun sake gina wani yanki mai tsawon mita 33 na jirgin Hindenburg, kana hawa ka ga ɗakunan kwanan fasinja, sannan su ba ka labarin yadda ya ƙone a Amurka a 1937, mutum 36 suka mutu. Sai tsibirin Reichenau, inda aka kafa gidan masu ibadar Kirista a shekara ta 724, suka shahara da rubutun littattafai da hannu. Yau rabin hankalin mutanen tsibirin yana kan noman latas da tumatir, kamar dai lambunan Jos, amma majami'unsu uku na nan a tsaye ana kula da su.

Kada ka zaci komai daɗi ne. Kuɗin shiga manyan wuraren ya haura Yuro 10 ga babba, idan ka juya shi zuwa Naira ka lissafa da iyali sai jikinka ya yi sanyi. Ban ɗaki a tasha ma sai ka jefa kwabo. Da yawa daga ƙananan gidajen suna rufewa da hunturu ko su rage kwanaki, kuma a ƙauyuka bayanin da Jamusanci ne kawai, wanda bai iya ba sai dai ya kalli hoto. Abinci kuwa, yankin inabi ne da giya da naman alade, don haka ni guzurina nake ɗauka, ko in nemi kifi, ko shagon Turkawa. Wurin salla a gidajen tarihin babu, sai ka nemi gefen lambu ka shimfiɗa darduma. Kuma babu ruwan kowa da kai. A gida da baƙo zai zo daga nesa, kafin ya gama zagaye an tambaye shi garinsu, an ba shi ruwa, wataƙila har an raka shi tasha. Wannan ban same shi a nan ba, kuma ina kewarsa.

Abin da suka iya shi ne haɗa hidimomi wuri guda. Jirgin fito tsakanin Konstanz da Meersburg yana ɗaukar mutane da motoci dare da rana. Akwai kati guda da za ka saya ya buɗe maka gidajen tarihi masu yawa har da hawa jirgin ruwa. A garuruwa da dama, idan ka kwana a masauki ana ba ka katin shiga bas kyauta. Ni da nake aikin tsofaffi, idona yana kan matakala, kuma na ga a wurare da yawa mai keken guragu yana shiga ba sai an ɗauke shi ba. A bakin fita kuma akwai ɗan shago, littafin yara da kati mai hoto da kwaikwayon sarƙar dutse, kuɗin yana komawa gyaran rufi. Mai masauki da mai gidan abinci da direban bas duk sun san cewa gidan tarihin ne ke kawo musu ciniki, shi ya sa ba sa wasa da shi.

To mu dawo gida. Wallahi Yaya, idan kaya ake magana, ba su fi mu ba. Gidan tarihin Jos an buɗe shi a 1952 ta hannun Bernard Fagg, Bature mai binciken kayan tarihi, kuma sanadinsa haƙar kuza ne. A 1928 aka fara tono wani ɗan kan yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, sannan a 1943 aka kawo wa Fagg wani kan daga yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye. Waɗannan siffofi na Nok sun kai kusan shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma a Taruga, kusa da Abuja, an gano inda mutanen suke narka tama. Jamusawan nan da kansu, daga jami'ar Frankfurt, sun shiga binciken Nok tun 2005, har suka baje kolin abin da aka samu a birninsu a 2013. Ga ɗakin tukwane na kowane sashen Najeriya, ga rubuce-rubucen malamanmu na Larabci, ga kan jirgin ƙasan nan ɗan siriri da ya yi jigilar kuza tsakanin Jos da Zariya daga 1914 zuwa 1957. A bayansa kuma ga filin gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Polan, ya tsara, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani. Dabarar ɗaya ce da ta Unteruhldingen, a sake gina abu domin mutum ya shiga cikinsa da ƙafarsa.

Kwale-kwalen ma da suke alfahari da su, namu ya girme su. Wani makiyayi ne yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 ya ci karo da shi. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kusan 8,000, shi ne mafi daɗewa da aka sani a Afirka, kuma ya riga duk ƙauyukan dirkokin nan zuwa duniya. Yana Damaturu. Ka tambayi ajinka gobe su nawa suka taɓa jin sunansa.

Abin da ke cina shi ne yadda muka ɗauki gidan tarihin Jos a matsayin kayan gwamnati, na hukumar da ke Abuja, ba namu ba. Da salla mukan cika gidan zu da ke maƙwabtaka, mu ga zaki mu sayi rake mu koma Gangare, alhali kawunan Nok suna 'yan taku kaɗan daga inda muke tsaye. Ginin ƙasa kuwa ka fi ni sani, yaɓe yake so duk shekara bayan damina, kuma damina irin ta Jos ba ta da sauƙi. Akwai magina a garin nan da suka gaji sana'ar, akwai attajirai a Dilimi da ke kashe kuɗi a kan abubuwan da ba su kai wannan ba. A nan na ga tsofaffin malaman makaranta da suka yi ritaya suna zaman karɓar baƙi a ƙananan gidajen tarihi ba da albashi ba, domin garinsu ne.

Akwai kuma tarihin da ba na jin an ajiye shi yadda ya kamata, wato na leburorin kuza. Kakanmu da ƙafa ya zo Jos, ya ɗauki kwanon sarki a ka. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, Turawa sun yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa da ƙarfi, abin da ake kira ɗiban gwamna, da yawa kuma sanyin dutse da yunwa suka kashe su. Kududdufan da aka bari a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi su ne tafkunanmu, kuma kowanne yana da labarin wanda ya haƙa shi, Birom da Hausawa da sauran ƙabilu. Ɗaki guda a bakin ɗaya daga cikinsu, da diga da kwanon sarki da hotuna da muryoyin tsofaffi, ba zai gagari ƙungiyar unguwa ba.

Don haka ga roƙona. Kafin ƙarshen zangon nan ka nemi izinin shugaban makaranta ka kai ajinka gidan tarihin, ka je tun da wuri ka tsara da ma'aikatan wurin, ka rubuta wa yaran tambayoyi. Kuɗin mota da na shiga ni zan aiko, ka faɗa mini nawa ne. Sannan ka ɗauki wayarka ka je wurin Baba, ƙanin kakanmu, ka sa shi ya ba ka labarin barikin kuza daga farko, da waƙoƙin da suke yi a bakin rami idan yana tuna su. Ka turo mini ta WhatsApp, ka kuma ajiye kwafi a kwamfutar makaranta.