Lambar da ke ƙeyar littafi

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Inna da yara. Ka tambaye ni abin da ya fi burge ni a Manchesta. Kantuna dai bar su, kaya sun yi tsada. Laburaren unguwarmu ne ya kama mini zuciya.

Rajista kyauta ce, suka miƙo mini kati, aron littafi kuma sati uku. Ranar farko na yi ta zagaya kantoci kamar baƙon kasuwa, ina neman tarihin Najeriya, har wata dattijuwa ma'aikaciya ta ja ni gaban kwamfuta. Ta ce in buga sunan marubuci, ko sunan littafi, ko batun da nake so. Lamba ta fito, 966.9. Na bi kanta-kanta, 940, 950, 960, sai ga su reras, kowanne da lambarsa manne a ƙeya. Maƙwabta na gefe, Nijar 966.26, Ghana 966.7. Ko littafin na hannun wani, kwamfutar za ta faɗa maka ranar dawowarsa.

Tsarin wani Ba'amurke ne, Melvil Dewey, tun 1876. Ya kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900. Wani abu ya sosa mini rai. Gidan addini 200 ne, amma Baibul da Kiristanci sun kwashe daga 220 har 280 da wani abu, Musulunci kuwa, da tafsiri da hadisi da sira, duk an cusa su a 297. Harshen Hausa yana can 493.72.

Ka tuna laburaren da muke zuwa muna sakandare, mai akwatin katako da aljihuna cike da katuna? Wallahi lambobin nan ne a jiki, ba wanda ya taɓa koya mana karanta su. Ka ga kati, ka je kanta, littafi ya yi ɓatan dabo. A nan kullum akwai mai tura keken littattafai yana mayar da kowanne gurbinsa.

Don Allah ka gaya wa Auta, tunda za ta shiga jami'a, ta koyi abin nan tun satin farko. A jami'o'i da yawa lambobin littattafai da haruffa suke farawa, tarihin Najeriya a can DT515 ne.