Hannun fulashin na ƙarfe da na saya a Ƙofar Ruwa, ga yadda na same shi

Jama'a duk wanda hannun tankin masansa ya saki ko ya karye, shawarata ya nemi na ƙarfe, kar ya yarda a haɗa shi da na robar nan mai fentin azurfa. A ido duk ɗaya suke, sai ka ɗauka a hannu za ka ji bambancin nauyi. Na roban daga wajen sandar nan mai kusurwa huɗu yake cinyewa, sai ka ga kana dannawa yana juyawa a banza ruwa bai sauko ba, shi ke nan gida an koma jidon bokiti.

Nawa a wani shagon kayan famfo na saya cikin kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano, kuma gaskiya mai shagon ya burge ni, don kafin ya ɗauko komai sai da ya ce Malam ina tsohon? Ya karɓa ya gwada kaurin, domin ramin jikin tanki ba iri ɗaya ba ne, akwai na rabin inci akwai wanda bai kai ba. Namu Twyford ne irin na da mai hannu a gaba. To don Allah ku riƙa tafiya da tsohon, hoton waya ba ya nuna kauri.

A cikin ledar akwai hannun, da noti na roba, da washa, da ɗan ƙarfen nan mai huda-huda da ake ɗaure shi da sukuru, sai ƙugiya. Babu takardar bayani ko ɗaya, amma wlh aikin bai kai a kira mai gyaran famfo ba. Ka rufe ruwa, ka ɗage murfin ka ajiye shi a ƙasa nesa da yara sbd tangaran ne, in ya fashe samun irinsa shi kaɗai wahala ne. Ka sassauta sukurun ka zare ƙarfen, sannan ka kwance notin. Nan ne mutane ke yin ɓarna, da yawa daga cikin notin nan a baibai suke kwancewa, wato ɓangaren da ka saba ɗaurewa nan ne kwancewarsa, in ka ji ya ƙi kar ka sa ƙarfi, juya ɗaya ɓangaren. Wajen ɗaurawa ma hannu ya isa, kar a kama shi da sifana a matse, tankin zai iya tsagewa kuma asarar ta fi kuɗin hannun nesa ba kusa ba. Ƙugiyar kuma a saƙala ta a hudar da ke saitin sandar sayfon (wato abin nan na cikin tankin da ke zuƙo ruwa ya sake shi cikin masai), ta tsaya a miƙe, in ta karkace dannawar za ta yi tauri.

Tun da na sa shi dannawa ɗaya ruwa ke sauka, kuma yana komawa mazauninsa da kansa, ba ya lilo.

Abin da bai min ba shi ne ƙugiyar. Hannu mai kyau haka, kuɗinsa ya kusa ninka na roba, amma aka haɗo shi da ƙugiyar baƙin ƙarfe wadda kullum tana cikin danshi, har ta fara jan tsatsa. Gara ka ce a ba ka ta tagulla ko silba daban tun a shagon.

Sai kuma abin da mai shagon ya ja min kunne a kai, in sai ka yi ta famfa hannun kafin ruwa ya zubo, to ba hannun ba ne, ledar da ke cikin sayfon ce ta yage, ko ka sa sabon hannu ba abin da zai canza. Ka fara buɗe murfin ka ja ƙugiyar sama da yatsa, in ruwa ya sauka lafiya to hannun ne, je ka saya.