Kocin lafiya ko likitan ƙwaƙwalwa: wanne ya dace da Mama da ta gaji da ciwon suga?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya. Mahaifiyarta ta shekara bakwai da ciwon suga, amma 'yan watannin nan ta daina awo, ta ɓoye na'urar, in an ɗauko zancen asibiti kuwa sai kuka ko faɗa. Ƙawar mai tambayar da ke zaune a Ingila ta ce a nemo mata kocin lafiya, yayansu kuma ya ce a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. 'Yar'uwar tana son jin bambancinsu, da wanda ya kamata a fara da shi.

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya. Ƙawarki da yayanku kowa da gaskiyarsa, sai dai matsala biyu daban suke magana a kai, kuma daga waje kamanninsu ɗaya.

Ta farko ita ce ƙuncin da ciwon kansa ke jawowa. Mutum ya gaji da huda yatsa, ya gaji da ƙirga loma, ga kuɗin magani, ga fargabar yanke ƙafa ko makanta ko wankin ƙoda, ga 'yan gida da suka zama 'yan sanda a kan kwanonsa. Likitoci sun daɗe suna auna wannan. A 1995 aka fitar da wasu tambayoyi 20 a cibiyar Joslin da ke Boston, sannan a 2005 William Polonsky da Lawrence Fisher da abokan aikinsu suka fitar da wasu 17, suka kasa ƙuncin gida huɗu: nauyin da ke zuciya, damuwa da likita, damuwa da tsarin magani da abinci, da damuwa da dangi da abokai. Wani bincike mai suna DAWN2 da aka yi a ƙasashe 17, ciki har da Aljeriya, aka wallafa a 2013, ya samu kusan kashi 45 cikin 100 na masu ciwon suna fama da shi. Ba tabin hankali ba ne, ba kuma raunin imani ba. Gajiya ce da ciwon da ba ya ba da hutu ko na kwana ɗaya.

Ta biyu ita ce ciwon damuwa, wanda cuta ce mai zaman kanta, kuma tana kama masu suga kusan ninki biyu na sauran jama'a. Ita ba ta tsayawa a kan suga. Mutum zai yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, barci ya rikice, cin abinci ya sauya, ya riƙa ganin kansa nauyi ne ga mutane.

Ke ce kike gida da ita, don haka ki lura. Tana wasa da jikokinta? Tana zuwa biki da suna da islamiyya? In duk wannan na nan, fuskarta ba ta sauyawa sai an ambaci awo ko tuwo, to alamu sun fi karkata ga ta farko. In kuwa har jikokin ta daina kulawa, ta biyu ce ake tsoro.

Abin da kocin lafiya ke yi, in na kirki ne, shi ne tambaya da sauraro. Da yawansu suna bin wata hanyar tattaunawa da William Miller ya fara bayyanawa a 1983 don masu shaye-shaye, daga baya aka shigo da ita cikin cututtukan da ake daɗewa da su. Ba zai ce wa Mama "ki rage shinkafa" ba, ta ji wannan har ta haddace. Zai ce, "Mama, a duk lamarin sugan nan, me ya fi ci miki tuwo a ƙwarya?" Sau da yawa amsar takan ba 'ya'ya mamaki. Wata za ta ce ba hudar take tsoro ba, abin da ke biyo bayan lambar ne, domin da na'urar ta nuna suga ya hau 250 sai gida ya zama kotu, a fara binciken wa ya ba ta fura. Wata kuma kuɗin da 'ya'yanta ke kashewa ne yake hana ta barci, shi ya sa take tsallake magani don ya kai ƙarshen wata. Daga nan sai su tsayar da abu ɗaya ƙarami wanda ita ta zaɓa da kanta, kamar awo sau biyu a mako ko tattaki na minti goma bayan abincin dare, ya kira ta bayan 'yan kwanaki ya ji yadda aka yi, ba tare da faɗa ba in ba a yi ba.

Likitan ƙwaƙwalwa shi aikinsa gano cuta da magance ta. Zai yi tambayoyi, wataƙila da takardar nan mai tambaya tara da ake kira PHQ-9, ya tantance ko ciwon damuwa ne. In shi ne, zai iya rubuta magani irin su sertraline ko fluoxetine, waɗanda sai sun yi 'yan makonni kafin a ga amfaninsu, ko ya haɗa ta da masanin halayyar ɗan'adam su riƙa zaman gyara tunani. A gaya masa tana da suga tun farko, domin wasu magungunan ɓangaren, kamar olanzapine, suna ƙara ƙiba suna tayar da suga. Koci ba shi da hurumin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ya rubuta magani, ba ya rage allurar insulin, ba ya cewa ga cutar da ke damun mutum.

To, horarwar tana aiki kuwa? A ƙuncin ciwon, e. Fisher ya jagoranci wani gwaji mai suna REDEEM da aka wallafa a 2013, da mutum 392 masu ciwon suga nau'i na biyu waɗanda ke cikin ƙunci amma ba su da ciwon damuwa. Aka raba su cikin tsari uku, dukkansu ƙuncin ya ragu cikin shekara guda, har da tsarin da ya fi sauƙi, wanda bai wuce bayani da kiran waya ba. A shekarar dai aka wallafa wani gwajin, inda a asibitocin talakawa na San Francisco aka koyar da wasu masu ciwon suga su zama koci ga 'yan'uwansu marasa lafiya. Bayan wata shida, awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku, na waɗanda suka samu koci ya sauka da kusan maki 1.1, na sauran kuma da 0.3. Abin da na ɗauka daga gwaje-gwajen biyu shi ne, babban sinadarin shi ne samun wanda zai riƙa waiwayo a kai a kai yana sauraro, kuma ba dole sai mai babbar takarda ba.

Nan ne kuma haɗarin yake. Likita sai ya yi rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, akwai inda za a kai ƙararsa. Kocin lafiya kuwa kowa na iya laƙaba wa kansa sunan a Instagram ko TikTok. Duk wanda ya fara da tallan shayi ko garin magani, ko ya ce zai raba ta da suga har abada, ko ya ce a ajiye maganin suga irin metformin, ki rufe wayarki. Ni a ganina nas ɗin asibitin suga mai haƙuri, ko masaniyar abinci, ko wata dattijuwa da ta daɗe da ciwon ta iya zama da shi, sun fi wa Mama amfani a kan kocin ƙasar waje da bai san tuwon masara ba, bai san yadda azumi ke shiga lissafin magani ba.

Ta fuskar samuwa, abin mamaki likitocin ƙwaƙwalwa sun fi sauƙin samu a wurinmu, duk da ƙarancinsu. Akwai asibitocin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai dai a kula da harshe. Ranar da wani ya ce "asibitin mahaukata" a gabanta, an gama, ba za ta je ba.

Da abin da kika bayyana, ni ba zan fara da ko ɗayansu ba. Zan fara da likitanta na suga, domin akwai abubuwan jiki da ke kama da damuwa. Suga in ya faɗi ƙasa da 70 a na'urar awo yana sa faɗa da rawar jiki da ruɗewa, kuma maganin suga glibenclamide ya yi suna wajen jawo haka ga tsofaffi. Daɗewa a kan metformin kan rage sinadarin B12, wanda rashinsa ke kawo kasala. A duba waɗannan, ki kuma gaya masa ƙarara cewa ta daina awo tana kuka, kada ki tsaya jiran ya tambaya, layin bayanki dogo ne. In ya ga ƙuncin ciwon ne, a nemo mai yi mata rakiya irin ta koci, ku ma a gida ku daina tuhumarta a kan lamba. In ya ga ciwon damuwa ne, ya tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa, kocin ya biyo baya in an samu, domin biyun ba sa hana juna.

Amma in ta fara cewa gara ta mutu a huta, ko ta ƙi abinci, ko ta daina allurar insulin da gangan, kada a jira ranar ganin likita. A kai ta asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da magungunanta.