Robar ƙafar injin AC: tana kashe ƙugi, ba ta kashe ƙarar fanka

Injin waje na AC, da ɗan'uwansa mai ɗumama gida da ake sawa a Turai, hayaniya iri biyu suke yi. Akwai ƙarar fanka da ke bin iska, akwai kuma jijjigar kwamfureso, wato abin da ke matsa gas a cikin injin, da ke bin ƙarfe ta shige bango. Robar nan guda huɗu da ake sayarwa a shagunan kayan AC, ta biyun kawai take magani, amma tana yi da kyau. Ƙugin da ke hana maƙwabci barci idan bango ɗaya ya haɗa ku, yawanci daga nan yake.

A zaɓi mai kauri, wadda idan an matsa ta da yatsa take ɗan lotsawa ta dawo. Mai tauri kamar katako asarar kuɗi ce. Injin doki ɗaya da rabi bai cika wuce kilo 35 ba, don haka robar da aka yi wa babban inji ba za ta lotsa a ƙarƙashinsa ba, jijjiga ta wuce abinta. Kuskuren da masu gyara suka fi yi shi ne ɗaure noti tamau har robar ta baje. Da ta baje, aikinta ya ƙare. A ɗaura daidai yadda injin ba zai motsa ba, a tabbatar bai karkace ba, sannan a duba bututun tagulla. In yana taɓa bango tsirara, ta nan ƙugin zai bi.

Aibin robar rana. Zafi yana tsattsage mai arha, shi ya sa ya kamata a duba ta duk shekara bayan hunturu, lokacin wanke ƙurar da ta maƙale a fanka.

Ƙarar fanka kuwa sai wuri. A fili, duk ninka tazara sau biyu na rage kusan desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti), yayin da kusurwar bango biyu ke ƙara kusan haka. Kada a cusa injin a lungu yana hura wa tagar ɗakin kwanan maƙwabci. Dakalin siminti a ƙasa, da robar a kai, ya fi ƙarfen rataye a bango nesa ba kusa ba. A bar santimita 30 a baya don iska, kuma kafin a fasa bango, a tambayi maƙwabcin inda yake kwana.